Saƙon da Na Ba Direban Zurmi

Shekarun baya, a watannin nan da aka rufe layukan waya a jiharmu saboda matsalar tsaro, na yi wa abokina wani abu da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Na daɗe ina son rubuta shi a nan ina fasawa, don ba labari ba ne da zan fito a cikinsa da kyan gani.

Ni a Ƙaura nake, ina da ɗan shago inda nake buga wa ɗalibai takardu a kwamfuta. Abokin nawa kuma yana Zurmi. Tare muka yi karatu, amma da muka gama bai samu aiki ba, sai ya koma gida ya karɓi rumfar mahaifinsa ta awon hatsi. Gero, dawa, wake, wani lokaci masara. Mahaifin ya tsufa a kan wannan sana'a, kuma ba a taɓa jin wani ya yi ƙorafi a kan awonsa ba. Da wannan sunan suke ci, da shi suke sha. Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san cewa ranar da mutane suka daina yarda da mai awo, ranar rumfarsa ta fara mutuwa.

Tun muna makaranta ya koya mini wani wasan yaƙi na kwamfuta. Ba irin wanda ake ta harbe-harbe ana tsalle-tsalle ba. Wannan kamar dara yake: ka yi motsinka ka tsaya, shi ma ya yi nasa. An yanka filin gida-gida, kowane gida mai ɓangare shida irin na saƙar zuma, kowa da rundunoninsa, masu mashi, masu takobi, 'yan baka da masu doki. Da muka rabu sai muka ci gaba daga nesa. In na gama motsina sai in adana wasan in tura masa ta waya, ya buɗe a tsohuwar laftof ɗinsa, ya yi nasa ya maido mini. Yaƙi ɗaya yakan ci mana wata guda.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu: ban taɓa karanta dokokin wasan ba. Akwai wani dogon bayani da Turanci a farkonsa, kullum sai in danna in wuce. Doka ɗaya na riƙe, ita ma a bakinsa na ji, wato mashi yana cin doki. Da wannan ilimi kaɗai na yi shekara uku ina ɗaukar kaina janar.

Da aka ɗauke sabis, mutane suka koma saƙon baki. Direbobi suka zama wayoyinmu. Ka je tasha da safe za ka ga direba tsaye jikin motarsa, mutane kewaye da shi. Wannan ya ce a gaya wa wane matarsa ta sauka lafiya, wancan ya ce a ce wa ƙanensa ya aiko da maganin tsoho. Direbobin kuwa sun ɗauki abin a matsayin amana. Yadda ka faɗa haka za a isar, ba ƙari ba ragi, don kalma ɗaya in ta canza tana iya sa wani ya hau hanya mai haɗari a banza.

Mu ma muka samu tamu dabarar. Sai in zuba wasan a memori, ɗan katin nan na waya, in naɗe shi a takarda, in ba wani dattijon direba da ke yin Ƙaura zuwa Zurmi. Yakan cusa shi cikin hularsa ya tafi, bayan kwana biyu ko uku ya dawo mini da shi. Bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba. A wannan lokaci da ba waya, ba labarin kowa, sai jita-jita, ɗan memorin nan shi ne ke gaya mini abokina yana raye.

Yaƙin da muke yi a lokacin a kan wata gada ne. Ina da runduna ta masu mashi da nake ji da ita ƙwarai, na raine ta cikin yaƙe-yaƙe shida har ta ƙware. Na girke ta a bakin gadar, na ce to mu ga ta inda doki zai bi. A gefenta na hagu akwai wata ƙaramar runduna ta masu takobi. Sai na hango 'yan bakansa suna gudu suna shiga kurmi, kwaɗayi ya kama ni, na ɗauke masu takobin na bi su. Na naɗe memori na ba direba, ina murmushi.

Ranar Talata da safe ya dawo. Na ajiye aikin wata ɗaliba rabi da rabi na buɗe. Wasan yana nuna maka abin da abokin karawarka ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Na ga dakarunsa na ƙasa sun zo gaban masu mashina sun tsaya. Sai wasu masu doki 'yan kaɗan, waɗanda ma an riga an raunata su, suka ɓullo ta bayan wani tudu suka kai sara ɗaya. Sara ɗaya tak. Rundunata ta watse, ta ɓace daga filin gaba ɗaya. Sau huɗu ina maimaita kallon abin.

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa, bakina kullum yana gaban hankalina. Mashi yana cin doki, wannan na sani. To ta yaya doki zai ci mashi, kuma raunanan dawaki? Na tuna ya fi ni sanin cikin kwamfuta, tun a makaranta shi ke gyara mana namu. Nan take na yanke hukunci cewa ya shiga cikin wasan ya taɓa wani abu. Ban rufe shago ba ma, na nufi tasha.

Direban yana shirin tashi, motar ta cika. Da ya gan ni ya kai hannu ga hularsa.

"Ina ɗan abin naku?"

Na ce, "Babu. Yau saƙon baki na. Ka ce mai na gane ha'incin da yay yi min, kuma ni ba ni hulɗa da maha'inci."

Ya dube ni. "Ɗana, hakanan za ni ce mai?"

"Hakanan."

"Ka dai sake tunani. Gobe ma ina tahiya."

Na ce, "Baba, ka hwaɗa mai kamar yadda nic ce, kada ka rage komi."

Ya mayar da hularsa ya shiga mota.

A raina na ɗauka zai same shi shi kaɗai, ya ji kunya, ya aiko da ban haƙuri. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina a ina direba zai same shi ba. To a ina kuwa, in ba a rumfa ba? Lokacin an dakatar da kasuwannin mako, don haka duk mai son hatsi a 'yan rumfunan cikin gari yake saye, ga kuma mutanen ƙauyuka da suka gudo suka cika garin. Daga baya na ji yadda aka yi. Direban ya iso da hantsi, rumfar cike da mutane, fasinjoji kuma suna jiransa. Bai ko fito ba. Ya leƙo ta taga ya kira abokina, ya ce amininsa na Ƙaura ya aiko shi, ya faɗi saƙon kamar yadda na ba shi.

Abokina ya yi ƙoƙarin bayyana wa mutane cewa maganar wasan kwamfuta ce. Wasu ba su gane ba. Wasu sun gane sarai, suka ce ko a wasa ne, in dai aminin mutum na shekara da shekaru ya shaide shi da ha'inci, to akwai abin dubawa.

Ni ban san duk wannan ba. Bayan kwana biyu direban ya miƙo mini wata takarda a ninke daga abokina. Na ce a raina kame-kame ne, na jefa ta cikin durowa ban buɗe ba. Na yi mako uku ina jin ni aka zalunta.

Wata rana na koma gida cin abincin rana, na tarar da goggona da ke aure a Zurmi ta zo ganin likita. Tana zaune da mahaifiyata suna hira, ni ina gefe da kwanona. Ba ta san ni ne abokin ba.

Ta ce wa mahaifiyata, "Ke, kin san yaron ga mai awo, ɗan tsohon nan mai ciwon ƙahwa? Ashe hannunshi ba shi da kyau. Amininshi na nan Ƙaura da kainai ya aika anka hwaɗa mai gaban jama'a. Yanzu mata in sun sawo wurinshi sai sun sake aunawa gida, da yawa ma sun koma rumhwar kusa. Tsohon da ba ya iya tahiya, kullum sai an ɗauko shi bisa mashin an zaunar da shi bakin rumhwa, wai ko mutane sun ga huskarshi su dawo. Abin tausai."

Na tsame hannuna daga kwanon. Mahaifiyata ta san abokina, ya sha cin tuwonta. Sai da goggo ta tashi alwalar azahar, sannan ta juyo gare ni.

"Kai na?"

"Ni na, Inna, amma maganar wasa ta."

"Ya yi ha'incin?"

Na ce, "Ina zaton ya yi."

Ta ce, "Zato." Sai ta ɗauke kwanon daga gabana.

Na koma shago na ciro takardar. Ba zagi a ciki, ba ƙorafi, bai ma ambaci abin da ya faru a rumfa ba. Sallama ce a sama, sai zanen gidajen nan masu ɓangare shida da biro, da kibiyoyi, da bayani a ƙasa cikin ƙaramin rubutunsa.

Ya ce kowace runduna tana da fuska. 'Yar alamar da ke ƙarƙashinta, wadda ni na ɗauka ado ce, ita ke nuna inda ta fuskanta. Cikin ɓangarori shida, uku gaba ne, biyu gefe, ɗaya baya. Mashi yana cin doki, gaskiya ne, amma sai dokin da ya zo ta gaba. In abokan gaba suka tsaya a gaban runduna suka riƙe ta, ba ta iya juyawa. In a wannan hali aka sare ta ta gefe, wasan ba ya lissafa mashinta ko garkuwarta, kuma tsoro yana shigarta ta watse. Abu ɗaya ke hana wannan, shi ne a samu wata runduna taka tsaye a wannan gefen tana tsare shi. Sai ya zana masu takobina a inda suke da farko, ya ja kibiya zuwa kurmin da na kai su. 'Yan bakan da na ga suna gudu, da gangan ya sa su gudu don in biyo su. A ƙarshe ya rubuta: "Ka gwada da kanka ka gani. A gaishe min da Inna."

Na gwada. Na jera rundunonin kamar yadda suke, na riƙe nawa da nasa ni kaɗai. Sau uku masu dokin suna watsa masu mashina. A karo na huɗu na mayar da masu takobin wurinsu, dawakin suka zo suka karye. Dokar tana nan a cikin dogon bayanin da nake tsallakewa, na nemo ta na karanta da idona. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da tsoron Allah, don na san na yi wa mutum ƙazafi a kan abin da yake ci da iyalinsa.

Duk da haka, da na koma gida dabarar ragwaye na fara kawowa. Na ce gobe zan ba direban sabon saƙo ya je ya warware.

Mahaifiyata ta ce, "A'a. Ka ɓata shi da bakin wani, ba ka gyara shi da bakin wani. Kai za ka tahi."

Wannan matar ce fa da ta hana ni zuwa ɗaurin aure garin Banga a watan da ya wuce saboda tsoron hanya. Da safe ta riƙe kaina ta yi mini addu'a mai tsawo, amma ba ta janye maganarta ba.

Motar dattijon nan na shiga. Ya amsa gaisuwata, muka kama hanya. Akwai wani yanki a hanyar da in an kai shi kowa yake yin shiru, sai leɓɓa ke motsi. Dama da hagu gero ya nuna a gonaki ba mai girbi. Muka wuce lafiya.

Na tarar da rumfar kusan wayam. Ta kusa da ita kuwa mutane har layi. Tsohon yana kan tabarma ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa, abokina yana tsaye bayan buhuna, ya rame. Na durƙusa na gaida tsohon. Abokina ya miƙo mini hannu ya ce, "Ka zo lahiya? Ya hanya?" kamar jiya muka rabu. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na miƙe na fita bakin rumfar na ɗaga murya. Na ce jama'a su saurare ni, ni ne aminin nan na Ƙaura da ya aiko da saƙo. Na ce ƙarya na yi masa, bai ha'ince ni ba, jahilcina ne, kuma ban taɓa sanin sa da cutar kowa ba. Mutum goma ko sha biyu suka taru, yawanci daga layin rumfar kusa.

Wani dattijo mai sanda ya ce, "To wai wane irin wasa na wanga da har za ya sa ka ce ma mutum maha'inci?"

Sai ga ni tsugune a ƙasa ina zana gidaje da yatsa. Na ɗebi wake na yi masu mashi, tsakuwa ta zama doki. Na nuna fuska, na nuna gefe, na nuna yadda na ɗauke mai tsaron gefen da hannuna. Ban kai ƙarshe ba dattijon ya tsayar da ni da sandarsa.

"Ya isa, mun gane. Ta kwiɓi yash shigo maka, kuma kai kab buɗe mai. Ya nuna maka ɗan abu kab bi, yac ci babba. Wanga ko a dara kullum muna yin shi. Ba ha'inci ba na, iyawa ta."

Aka yi dariya. Abin da na yi shekara uku ban gane ba, tsohon da bai taɓa riƙe kwamfuta ba ya gane shi kafin in gama zane.

Abokina ya kama hannuna ya tashe ni. Ya ce, "Ya wuce. Ni tun ranar na yahe." Sai mahaifinsa ya yafuto ni. Na matsa na durƙusa.

Ya ce a hankali, "Ɗana, na ji daɗi da kaz zo, Allah shi yi maka albarka. Amma dubi mutanen da sunka ji ka yau. Ranar da saƙonka yaz zo, wurin ga cike yake da mutanen ƙauye. Yanzu wasu na Shinkahi, wasu sun yi Gusau, wasu ko danginsu ba su san inda sunka nuhwa ba. Da maganar sunka tahi. Wa za ya bi su shi hwaɗa musu?"

Na roƙi direban ya riƙa faɗin warwarar a duk inda ya tsaya, ya kuwa yi mako guda yana yi. Iyakar abin da na iya ke nan.

Daga baya sabis ya dawo. Mutanen gari suka riƙa komawa rumfar kaɗan-kaɗan. Tsohon ya ga farkon dawowarsu kafin Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa da rahama. Ni da abokina mun koma wasanmu bayan wasu watanni, shi ne ma ya fara turo mini. Yanzu na karanta dokokin tun daga farko har ƙarshe, kuma har yau yana cinye ni.

In na zauna ina tunani, abin da ya fi damuna shi ne yadda hanyar ta kasance a buɗe. "Ban gane ba, yi mini bayani." Da wannan na ba direba, da shi ke nan. Amma girman kai ya sa ya fi mini sauƙi in ce aminina maha'inci ne da in ce akwai abin da ban sani ba. Kuma dattijon ya ba ni dama, ya ce gobe ma yana tafiya, na ƙi. Tun daga lokacin in raina ya ɓaci ba na aika saƙo a ranar, ko na waya ne. Ba wai na zama mai haƙuri ba ne, tsoro nake ji.

Na ɗauka maganar ta mutu gaba ɗaya, sai kakar bara da na kai masa ziyarar wuni a rumfar. Ciniki yana tafiya, alhamdulillahi. Wata mata ta zo sayen gero tiya uku. Sai na ga ya tura mata tiyar, kwanon awon, ya ce, "Auna da kanki, Hajiya." Na ɗauka sabo ne tsakaninsu. Wani mutum ya zo, shi ma haka. Yarinya ta zo aike, ita ma ya ba ta ta auna, yana nuna mata da baki inda za ta ƙara.

Da wurin ya yi sauƙi na tambaye shi tun yaushe yake haka.

Ya ce, "Tun lokacin."

Na ce, "Ai yanzu ba mai zarginka. Kowa ya san gaskiya."

Ya ce, "Na sani. Ni dai in na ɗauki tiya sai in ji kamar ana kallon hannuna. Hakan ga ya hi min kwanciyar rai." Ya faɗe shi ba tare da fushi ba, ya juya yana gyara bakin buhu.

Na zauna har la'asar ina kallon mutane suna auna wa kansu gero, shi kuma yana gefe, hannayensa a kan gwiwa.